Duwatsun da Baba Ilu ya shure

Jama'a, yau saura kaɗan mu kwana a daji!

Mun fita bayan garin Lyon na Faransa yawon hawan tudu, ni da Baba Ilu, ƙanen babana. Ciyawa zalla, ba itace ko ɗaya. Bini-bini sai ga duwatsu an tara a bakin hanya.

Ya ce, "Tsafi ne, 'yata!" Duk tarin da muka wuce sai ya shure shi.

A saman tudun wani tsohon Nasara yana ta kallonmu. Sai hazo ya rufe. Hanya ta ɓace! Ashe da duwatsun ake gane ta!

Tsohon ne ya sauko da mu. Na ce, "Baba, ka yi masa godiya mana."

Ya ce, "To, wa ya kira hazon?"