Fiffiken Hagu na Jirgin Baba

Mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a filin jirgin sama na Zinder, amma jirgi bai taɓa tashi da shi ba. Lebura ne. Shi ke tura matakala, shi ke sauke kaya, in jirgi ya kwana shi ke goge masa jiki da tsumma. Da ya ajiye aiki sai ya koma zaure yana sassaƙa ƙananan jirage da icen rimi, kowanne bai wuce kamu ɗaya ba.

Sassaƙar ba ta ba shi wahala ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne launi. Jiragen da ya tarar a farkon aikinsa ba su da fenti, farin ƙarfe ne tsirara, kuma haka yake so nasa su fito. Ya fara gwada fentin azurfa na gwangwani. Da ya bushe ya fita da jirgin rana, ya jujjuya shi, ya ce wannan ƙofar shago ce, ba jirgi ba.

Daga baya ya gano takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi. Masu shayin unguwarmu suka riƙa tara masa. Sai ya yanka ta ƙanana-ƙanana, ya jiƙa ƙaro ya tace, ya shafa kaɗan, ya ɗora, ya bi da bayan cokali yana murzawa har ta kwanta kamar a jikin icen aka halicce ta. Kowane yanki da inda yake fuskantar da shi, wannan a tsaye, na kusa da shi a kwance.

"Jikin jirgi ba falle ɗaya ba ne, uwata," in ji shi. Haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "In rana ta doke shi, wani wuri ya yi haske, wani ya yi duhu. In duk ya yi ƙyalli iri ɗaya, madubi ka yi."

Da bakin allura yake jera ɗigon ƙusoshi. Sannan ya ɗan dusashe ƙyallin da toka da auduga, ya lakato baƙin tukunya ya ja shi siriri a bayan injin.

Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko ta Dakusa, sai Asabar nake zuwa gida. A cikin waɗannan zuwan na lura yana kai jirgin har kusa da hancinsa. Muka je likita, aka ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali.

Wata Asabar bayan la'asar ya miƙo mini wani jirgi mai inji huɗu. Fiffiken dama ya gama shi tun idon na da sauƙi, sumul, har ina ganin inuwar kallabina a ciki. Na hagu kuwa duk ya yamutse, wani yanki ya hau kan wani, ƙaro ya bushe a waje.

"Ya fito?"

"Ya fito, Baba. Ya yi kyau."

Ya karɓa, ya bi fiffiken da babban yatsansa tun daga gindi har ƙarshe, a hankali. Sannan ya ce, "Yatsana bai makance ba, uwata." Bai ɗaga murya ba. Ya sa farce ya ɓare takardar fiffiken hagun duka, yanki bayan yanki, ina zaune ina kallo. Na tashi na shiga ɗakin Inna na yi kukana.

Asabar ta gaba ya miƙo mini cokalin, ya ce in yi, shi zai taɓa ya faɗa mini. Na ɗora na farko ya yage. Na biyu ƙaro ya yi yawa. Na uku na ga kamar ya kwanta, ya shafa ya ce, "Akwai iska a ƙasa, sake." Ga zafi, ga tulin aikin 'yan aji da na zo da shi ban gyara ba. Na ajiye cokalin.

"Baba, mu bari sai babban hutu. Lokacin zan zauna mu gama shi."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Saura sati uku a yi hutun zazzaɓi ya kama shi. Inna ta ce kada a tayar mini da hankali, zai wuce. Kwana huɗu ya yi. Ina cikin aji aka kira ni, kafin in sami mota in iso an dawo daga maƙabarta.

Ranar sadakar bakwai wani tsoho da suka yi aiki tare ya zo gaisuwa. Ya ga jirgin a kan taga, ya nemi a miƙo masa. Ya daɗe yana duban fiffiken dama. Ya nuna baƙin layin da ke bayan injin, ya ce nan ne wurin da ya fi ba su wahalar gogewa, mahaifina kullum shi ake bar wa. Ya roƙe ni jirgin. Na ba shi wani daga cikin gamammun, na ce ya yi haƙuri da wannan.

Na tafi da jirgin Dakusa, tare da kwalin takardun da Baba ya riga ya yanka. Sau biyu ina jiƙa ƙaro, yana bushewa a kofi ban taɓa shi ba. Fiffiken hagu har yanzu ice ne.