Ƙaramin Makunnin da Na Ƙi Saye

Assalamu alaikum. A shekarar da gwamnatin farar hula ta shelanta tsuke bakin aljihu, kaya suka fara ɓacewa daga kantuna, ni tela ne a Bodinga, mai keke biyu da rumfa a bakin kasuwa. Na yi karatun allo da na littattafai gwargwado, har awon mutane da ajami nake rubuta shi, don haka ake kirana Malam, ni kuwa ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata. Wutar lantarki ba ta daɗe da shigowa unguwarmu ba, kuma tana zuwa ne lokacin da ta ga dama. Na riga na sayi firji da fanka tun kuɗi na hannu. Da azumi ya matso cikin zafi, ga mahaifiyata tsohuwa ba ta iya barci, ga maiɗakina tana son sayar da ƙanƙara, sai na tattara abin da na ajiye na tafi Sakkwato na sayo janareta na hannu.

Na ɗauka da na biya kuɗin inji an gama. Ashe farawa aka yi. Sai da na gina masa ɗan ɗaki a bayan gida, a lokacin da siminti ya zama abin nema da roƙo. Sai waya, sai baƙin mai, sai fetur, sai ladan mai haɗawa. Kullum na buɗe aljihu sai wani abu ya ɓullo. Daga ƙarshe mai haɗa wayar ya ce saura abu guda, wani makunni da ke raba wutar gwamnati da ta inji, don kada wata ta shiga hanyar wata. Da ya faɗi kuɗinsa sai raina ya ɓaci, na ce masa ko ya ɗauka rijiyar fetur gare ni a tsakar gida. Ya ce to, in ba zan saya ba, wajibi ne duk lokacin da zan tayar da inji in fara zare fis ɗin gidan, in ba haka ba wutata za ta bi waya ta hau turken lantarki. Na ce wanda ya riƙe izu sittin ba zai mance da fis guda ba. Ya yi dariya ya ce shi dai ya ga limamai suna yin ƙabli da ba'adi. Na sallame shi ina ganin na tsira da kuɗina.

Cikin goman tsakiya aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, waya ta tsinke a ƙarshen layinmu. Washegari masu gyara suka zo, suka kashe wuta daga taransifoma, ɗayansu ya kafa tsani ya hau turke hankalinsa kwance. Ni ina rumfa, ɗinkin sallah ya taru a kaina, sai saƙo ya iso daga gida cewa ƙanƙara na narkewa. Na taho da sauri bayan azahar, ga ƙishirwa ga haushi, na wuce ɗakin inji kai tsaye na ja igiya. Injin ya tashi, ya yi wani irin nishi da ban taɓa ji ba. Kafin in gane, sai salati ya tashi daga bakin layi. A nan na tuna da fis.

Abin da na yi bayan wannan shi ya fi mantuwar muni. Na kashe injin, na zare fis, sannan na fita na shiga cikin jama'a ina salati tare da su. Mutumin da ya hau turken yana kwance ƙasa, tafin hannunsa na dama ya ƙone, ƙugunsa ya karye. Aka kai shi asibiti a Sakkwato. Mutane suka ce ƙila wuta ce ta dawo ba zato, wasu suka ce ƙaddara, ni ma na gyaɗa kai. Ragowar azumin nan ban ji daɗin ruwan sanyi ba. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ga nasa hannun.

Bayan sallah na ji an sallame shi, ya koma gida Danchadi, aiki kuma ya ƙare masa, don hannun ya shanye. Na sayar da janaretan da asara, na ƙulle kuɗin na tafi. Na same shi a zaure, magidanci ne mai ƙananan ɗiya. Na durƙusa, na ajiye ƙullin a gabansa, na faɗa masa komai, har da shigata cikin masu salati. Sannan ya ture ƙullin da ƙafarsa mai lafiya, ya ce in ɗauke, bai sa hannunsa a kasuwa ba. Ya ce kada in roƙe shi gafara yau, don ba zai yi mini ƙarya ba. Abin da ke hana shi barci shi ne fadamar albasar da ya gada. Ba mai ban ruwa, kuma in rani ya wuce ba a noma ta ba, dole ya sayar ya ci da iyali, ɗiyansa su tashi ba su da ko taki ɗaya na gona. Na ce fadamar nan ba za a sayar da ita ba muddin ina numfashi. Ya dubi hannuwana ya ce, wai da waɗannan na riƙon allura zan ja jigo, Malam tela.

Da su na ja. Da kaka ta wuce na bar rumfa a hannun ƙanena, na koma Danchadi. Ban san yadda ake tsara fangali, wato ƙananan gurabun ban ruwa ba, ban san lokacin dashe ba. Shi yake zuwa da sanda ya zauna ƙarƙashin itace yana ba ni umarni, ba ya rage mini komai. In na cika ruwa ya ce albasa ya sa ni shukawa ba shinkafa ba. Tafina ya fashe ya warke ya sake fashewa. Ranin farko abin da muka samu bai taka kara ya karya ba, masu kawo mini ɗinki suka watse, har aka yi juyin mulki rayuwa ta ƙara tsanani. Dangi suka ce na haukace, tun da ba wanda ya kai ni ƙara. Na ce akwai zaman shari'ar da ba a aiko da sammaci sai ranar ta zo. Haka na riƙa komawa kowane rani. Duk tsawon shekarun nan yana amsa sallamata, amma bai taɓa cin abinci tare da ni ba.

Dalilin rubuto wannan shi ne yadda nake ganin janareta ya cika gidaje yanzu, kuma ina jin mutane suna faɗin abin da na faɗa. Ɗan'uwa, in kuɗinka bai kai na makunnin nan ba, to bai kai na inji ba, ka haƙura da fitila. Kada ka dogara da tunaninka, don ranar da za ka mance ba za ta yi maka sallama ba, kuma wanda zai biya ba kai ba ne, bawan Allah ne da ke kan turke yana neman abincin iyalinsa. In kuma ka riga ka cuci wani, ka je masa tun yana iya jin maganarka.

Shekarar da babban ɗansa ya iya jan jigo shi kaɗai, muka kwashe albasa mai yawa. Da aka gama ɗaure buhuna, sai ya kira ni gindin itacen, ya buɗe ƙwaryar fura, ya sha, ya miƙo mini da hannun hagu. Ya ce baɗi kada ya gan ni a fadamarsa, in koma in ɓata wa mutane yadi tun da abin da na fi iyawa ke nan. Sannan ya kira ni ɗan'uwa, ya ce ya yafe mini duniya da lahira. Na karɓi ƙwaryar da hannu biyu na sha har ƙasa.