Shekara Tara Babu Ila Mai Keken Tukwane

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sama'ila, wanda mutanen Zurmi suka sani da Ila mai tukwane. Da ana dawo da rana, guda ɗaya zan roƙa, ranar da na jera kayansa a bakin wuta alhali na san ba can ne wurinsu ba.

Mu gidan magina ne. Mahaifinmu ginin hannu ya koya mana: a kifa tsohuwar tukunya, a shimfiɗa yumɓu a bayanta, a bubbuga, in ya sha iska a ɗaga a ƙarasa wuya. Ni ne babba, ni tsoho ke kira in baƙo ya zo ganin aiki. Ila kuwa randarsa kullum baki a karkace. Na saba da hakan, ban ma san ina jin daɗinsa ba.

Sai Ila ya je Ƙaura sayar da kaya, ya ga hoton keken ginin tukwane wurin wani malamin makaranta. Na sayarwa ya fi ƙarfinmu nesa. Ya samo tsohuwar tayar mota ya cika ta da siminti, ya tsinto boris da sandar ƙarfe wurin 'yan gwangwan, mai walda ya ɗora masa faifan ƙarfe a sama. Kana shurin tayar da ƙafa, faifan na juyawa, yumɓu na tashi tsakanin hannuwanka. Da farko yumɓunmu mai tsakuwa ya yayyanka masa tafin hannu, na yi ta dariya. Ya koma yana jiƙa shi yana tacewa. Kafin shekara ta zagayo, kaskon turare da butoci na fitowa sumul, duk kai ɗaya.

Wata Alhamis a kasuwar Shinkafi mata suka tsallake shimfiɗata suka taru a tasa. Ɗaya ta ce mini, "Malam, kai ne yaron Ila?" Da muka dawo gida tsoho ya ɗauki kasko ɗaya yana jujjuyawa, ya ce, "Ashe hannun na nan, keke yake jira." Ni bai taɓa jujjuya nawa haka ba.

"Yaya, taho ka hau mana, ba shi cizo," in ji Ila.

Na ce, "Ni ba tela ba ne da zan ci abinci da ƙahwa."

A al'adarmu gashin tukwane ɗaya ake yi wa gida duka, kuma babba ke jera kaya kafin a rufe da kara da kashin shanu. Masu kauri a gefe, marasa kauri a tsakiya inda iska ba ta dukansu. Ranar na sa randunana a tsakiya, na bi gefen da iska ke bugowa na jera nasa. Da wuta ta mutu aka tone, yawancinsu sun tsage. Na ce wa tsoho, ga aikin keke nan. Ila ya tsuguna yana tsintar fasassun, ya dubi inda aka jera su, ya dube ni. Bayan girbi ya ɗora kekensa a mota ya koma Ƙaura da iyalinsa, can ya haƙa ramin gashinsa.

Ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa wurin suna da jana'iza, duk sallah yana aiko mini da buta. Amma har ciwon da ya ɗauke shi, bakina bai taɓa iya ce masa aikinsa ya yi kyau ba.

Ko me zai ce da zai leƙo yau? Roba ta cinye kasuwar randa, hanyar Shinkafi ba kullum ake shigarta hankali kwance ba. Kaskon turare ne kawai amare ba su daina nema ba, kuma shi ne abin da ya kama tun muna masa dariya. Yara na kallon irin kekensa a waya suna mamaki, ba su san an yi shi a garinsu ba.

Keken na nan a gidan ɗansa Murtala, wanda ke tuƙa keke napep, bai koyi sana'ar ba. Bara na je na hau. Gwiwa ta ƙi, yumɓu ya fantsama a bango. Matar Ila ta leƙo ta ce, "Yaya, da yana raye kat taho, da yini guda ya ishe ka."

Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, abin bai gama fita ba. Kwanan nan wata tsohuwa ta ce mini kaskon Ila na ɗakinta har yau ko tsaga babu, sai na ji ƙirjina ya sosu kamar dā. Da furfurata ina kishin wanda ke kabari. Na yi istigfari, washegari ma na sake ji.

Kayansa na ɗakunan mata daga Zurmi har Banga, ana tuna shi duk sanda aka zuba garwashi. Ni da nake raye, ƙanen da zan gaisa da shi ba ni da shi. Roƙona gare ku, wanda Allah ya ba ɗan'uwa da ya fi shi hannu, ya daure ya je ya faɗa masa tun kunnensa na ji. Allah ya jiƙan Ila, ya sa ya yafe mini.