Ƙarfen da aka saka a buhun wake

Shekarar da na dawo gida na zauna a unguwar Takur, Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, yayana ya aiko a kira ni ƙauyenmu kusa da Kiyawa. Buhu biyu na irin wake ya ajiye don shukar damina, kuma bara ƙwari sun cinye masa iri har sai da ya roƙi na maƙwabta.

Na same shi da wani ƙarfe kamar ƙawanya a hannu. A kasuwa ya saya, wurin wani mai farar rigar likitoci da lasifika. Wai maganaɗisu ne daga Jamus, yana fitar da wata wuta da ido ba ya gani, ƙwaro kuwa ba ya jure ta.

Ni na san ƙarfen. A Sudan an ce mini daga Sin yake, yana maganin ciwon baya. A Kamaru da Faransanci aka tallata mini shi, a can sauro yake kora.

Muka koma wurin mutumin ranar kasuwa. Na ce, "Malam, idan ƙwari suka ci waken fa?"

Ya ce, "To an taɓa shi da hannun hagu ke nan, Alhaji."

"In ba a taɓa ba?"

"Iska ta shiga buhun."

Na taɓa zama da masu binciken iri a wata gonar gwaji. Su da bakinsu suke gaya maka abin da in ka gani, ka san sun yi kuskure. Wannan kuwa ya toshe kowace kafa tun kafin a zo.

Na ce wa yaya mu gwada: buhu ɗaya da ƙarfe kaɗai, ɗaya da toka kamar yadda mahaifiyarmu take yi. Ya ce, "Kai dai tun da ka sha ruwan ƙasashe ba ka yarda da kowa ba." Amma ya amince. Matarsa Hajiya tana tankaɗe a gefe, tana jin mu.

Bayan wata uku muka kwance. Na toka lafiya lau. Na ƙarfe ma, ga mamakina, ko huda ɗaya babu.

"Ina bokon naka?" in ji yaya. Ya zura hannu har gwiwa zai zaro ƙarfensa, hannun ya fito fari fat. Ya yi atishawa sau uku.

Muka juya ga Hajiya.

Ta ce, "Ni na zuba toka, tun ranar da kuka ɗaure. Ku yi ta musunku, amma ba da irin da za mu shuka ba."

Na ce, "Haba Hajiya, kin ɓata mana gwaji!"

"Gwajin za ka ci da kaka?"

Har yaya ya rasu yana cewa ƙarfen ne ya taimaka wa tokar. Ban iya ƙaryata shi ba, don da mudu ɗaya ya kamata in gwada, in kuma kulle a ɗakina. Buhu biyun dai an shuka su duka. Ƙarfen kuma Hajiya ta ɗaura masa zare, da shi take tsintar allura in ta faɗi cikin yashi.