Kawu Kesha, Mai Waldar Bututun Garinmu

Tun kafin motocin ma'aikata su fara gangarawa ramin lu'ulu'u, Innokentiy Gavrilovich ya riga ya sha shayinsa mai madara, ya ja hularsa ta gashi har kunne, ya fita bin bututu. Daga gidan tukunya yake farawa, inda ake tafasa ruwan da ke ɗumama gari, ya bi ta bayan makaranta da kasuwa har unguwar bakin rami. Duk inda ya ga tururi na tsirtowa, sai ya durƙusa ya kasa kunne. Haka na san shi tun ina budurwa, ga shi yau ina da jika. Yara ke ce masa Kawu Kesha, mu manya muka bi bakinsu.

A garin nan masu haƙa da masu tace dutse ake ɗauka a hoto, su ake rataya wa lambar yabo. Shi bai taɓa sauka ramin ba. In an tsokane shi, sai ya ce nasa ramin yana ƙarƙashin benayen mutane, kuma bai taɓa tsintar komai a ciki ba sai kyanwa.

Ni a gadon asibiti na san darajarsa, hunturun da na haifi 'yata Sardaana. Sanyi ya wuce digiri hamsin ƙasa da sifili, hazo ya hana jirgi sauka. Da safe babban bututun da ke kawo wa asibiti ruwan zafi ya fashe. Kafin hantsi numfashinmu ya fara hayaƙi a cikin ɗaki. Ungozomarmu, Varvara Semyonovna, ta tara mu wuri ɗaya, ta ce kowace ta cusa jaririnta cikin riga. Akwai wani bakwaini da ko kuka ba ya iya yi, uwarsa sai kallon ƙofa take.

Abin da ya faru a waje, Nyurgun abokin aikinsa ne ya ba mu labari. Tsagar tana can ƙasan bututun, inda sai mutum ya kwanta rigingine zai kai gare ta. Kawu Kesha ya kwanta. Ruwa na ɗigo masa, yana daskarewa a jikin rigarsa. Safar hannun hagu ta hana shi riƙe ƙarfen yadda yake so, ya cire ta da haƙori ya yar. Nyurgun ya roƙe shi su yi karɓa-karɓa.

"Kai da hannunka ke rawa kamar na mai satar nama?" in ji Kawu Kesha. "Riƙe min fitila kawai, kuma ka daina hura min hanci a fuska."

Wajen la'asar muka ji ƙarfen ɗumama ɗaki ya fara ƙas-ƙas. Varvara ta ɗora tafinta a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba, sannan ta juya mana baya don kada mu ga idonta. Bakwainin ya rayu. Yanzu shi ke tuƙa ɗaya daga cikin manyan motocin rami.

A asibitin nan aka yanke wa Kawu Kesha yatsu biyu na hannun hagun, waɗanda sanyi ya kashe. Da ya farfaɗo, Varvara ta sa muka je gaishe shi da jariranmu. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko ɗakinmu ya yi ɗumi sosai, don yana zargin akwai iska a bututun hawa na biyu.

Kai ne, Kawu Kesha, ka yi shekaru kana leƙa tsohuwa Agafya Petrovna a gidanta na katako da ta ƙi bari, kana narkar mata da ƙanƙarar da ta toshe famfo, kana sauraron labarin mijinta da ka riga ka haddace. Maƙwabta ne suka faɗa, ba kai ba. Kai ne wanda ake bugawa waya ranar sabuwar shekara, ka ajiye cokali ka tashi.

Ba zan ce ba shi da hali ba. Faɗa gare shi kamar me. Nyurgun ya ce sau da dama yana ajiye aikin saboda bakinsa, amma sai ya dawo, don bai ga inda zai koyi walda irin tasa ba.

Bana gwiwoyi suka ƙi, likita ya ce durƙuso ya ƙare. Ranar Asabar aka yi masa walima a gidan tukunya, da naman doki da daskararren kifi yankan siriri. Wani ya tambaye shi ko zai koma kudu ya sha rana, kamar yadda masu ritaya ke yi. Bai kai ga buɗe baki ba matarsa, Tuyara Nikolaevna, ta karɓe.

"Ina zai je? Famfon kicin ɗinmu tun auren ɗanmu yake ɗiga. Ya gyara wa gari kaf, ni kuwa da bokiti nake kwana. Yanzu layi ya zo kaina."

Aka yi ta dariya. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya ce gobe zai duba. Ta ce haka ya faɗa bara.

Mun gode, Innokentiy Gavrilovich. Na gode a madadin matan da suka rungume jariransu ranar nan, da dubban da suka yi barci cikin ɗumi ba su san sunanka ba. Ku kuma matasanmu da kowa idonsa na kan rami, ku sani gidan tukunya na neman hannu, kuma tsohon ya ce duk mai son koyo ya same shi a gida. Zai yi muku faɗa, wannan babu shakka. Ku jure, ku koya, tun yana da sauran yatsu takwas da zai nuna muku.