Gabar Sodangi da Maniru

Sodangi manomin albasa ne a Lambara, mutum mai ƙwazo da kaifin baki. Duk duniya ba ya jin maganar kowa sai ta ƙanensa Mode, tela a kasuwar Shagari. A shekarar 1983 gwaiwa ta hana Mode taka keken ɗinki. Maƙwabcinsu Maniru, wanda ke aikin jinya a wani asibiti a Sakkwato, ya ce a kai shi, aikin ba wuya.

A ɗakin tiyata aka shaƙa wa Mode iskar sa barci. Ba a jima ba muƙamuƙinsa ya ƙage, jikinsa ya sandare, ya ɗau zafi kamar garwashi. Aka yi ta kwara masa ruwan sanyi, amma kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar bakwai Maniru ya zo zauren Sodangi, ya durƙusa.

"Yaya Sodangi, likita ya ce in yi maka bayani. A cikin ƙwayoyin tsokar mutum akwai rumbun wani sinadari, kalsiyam. Rumbun na da 'yan ƙofofi. In za ka motsa hannu, sai su buɗe kaɗan, sinadarin ya fito, tsoka ta ɗaure, sannan su rufe ta saki. Na Mode ba su da ƙarfin rufewa. Iskar nan ta wangale su, tsoka ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone shi. Akwai maganin da ke tsayar da abin, amma a wannan tsuke bakin aljihun, ko auduga da ƙyar muke samu."

Sodangi bai ɗago kai ba. Maniru ya ci gaba.

"Kuma ana gadonsa. Kai da 'ya'yanka, in za a yi muku aiki, ku faɗa, akwai wata hanyar sa barcin."

Nan Sodangi ya miƙe. "Mi kac ce? Kun kashe mini ƙane, yanzu kuma jinin gidanmu ka zo zagi? Tashi ka bar zauren ga!"

Daga ranar bai ƙara amsa sallamar Maniru ba. Ya toshe hanyar da ke bi tsakanin gidajensu da ƙaya. Ya hana matarsa Uwani zuwa sunan 'yar Maniru. A kasuwar Boɗinga, in Maniru ya tsaya gaban buhunansa, sai ya juya baya. Da maganar gadon ta bazu har aka fasa neman auren 'yarsa Zulai, sai Sodangi ya ce Maniru ne ya yaɗa, ya yi ta kiransa mahauci a bainar jama'a. Maniru ya gaji, ya kwashe iyalinsa ya koma birni.

Shekarun fari suka zo, albasa ta lalace, ga shi Sodangi ma gwaiwar ta fito masa. Ya ɗaure ta da tsumma, ya ci gaba da ban ruwa. Ranar da ta murɗe, 'ya'yansa suka samo mota. Ya riƙe ƙafar gado, ya ce ko gawarsa kar a kai asibiti. A ɗakinsa ya cika, washegari da hantsi.