Farar Ƙasa a Fuskata

Wani Bature abokin aikina a wurin lodin kaya ne ya kai ni ƙungiyar ƙwallon Ostiraliya ta Lyon, irin wadda ake bugawa da hannu da ƙafa. Bayan wasana na farko ya ce suna da tsohuwar al'ada: sabon shiga zai tuɓe riga, a shafa masa farar ƙasa a fuska, ya yi rawa. Ni mai tsoron ɓata wa mutane rai ne, sai na yi. Suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto.

Bayan wasu kwanaki wani ɗan asalin Ostiraliya, baƙar fata kamata, ya shiga ƙungiyar. Da aka miƙo masa kwanon farar ƙasar, sai ya ture shi.

"A wurinmu dattawa ke shafa wannan, ba abin wasa ba ne," in ji shi. "Cikinku wa aka taɓa shafa wa?"

Na ɗaga hannu, na duba Turawan. Nawa kaɗai ne a sama. Abokina yana kallon takalminsa.

Har yau muna lodi tare a Vaulx-en-Velin. Ina amsa gaisuwarsa, amma ban ƙara shiga motarsa ba.